Boeta Nazeem da Ƙasar Gishiri

Duk wanda ya tashi a layinmu a Manenberg ya san Boeta Nazeem Arendse tun yana da yatsu goma. Bai gama sakandare ba ya shiga cikin 'yan dabar unguwa. Wata rana a tashar motocin haya suka yi karo da 'yan tsallaken titi. Wani ya kawo masa sara da adda, ya tare da hannu, yatsu biyu suka faɗi a kan kwalta. Ko kallonsu bai yi ba, ya burma wa mutumin wuƙa a ciki. Mutumin ya rayu, shi kuwa Nazeem aka wuce da shi gidan yari.

A can ya fara karatu. A ɗakinsu akwai wani littafi da ba shi da bango, cike da mayaƙa da bokaye da dodanni masu aman wuta. Ya cinye shi tas, sai ya tarar 'yan ɗakin sun naɗa taba da shafukan ƙarshe. Har ya fara neman wanda zai daka, sai Oom Cyril, tsohon malamin makarantar da ya kashe surukinsa, ya tare shi.

"Zauna, ɗana. Ai labarin nan daga wasan tebur aka ciro shi. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jaruminsa, a jefa ƙwayar ludo a ga ko sara ya shiga. Ƙarshen labarin kuma ku ƙirƙiro abinku."

Suka sassaƙa ƙwaya da sabulu. Nazeem ya ƙirƙiro tasa duniyar, Ƙasar Gishiri, inda teku ya ƙafe ya bar dodanni a fili. Har Langes, ƙaton da ke mulkin ɗakin, ya ɗauki mayaƙi mai gatari. Ya daɗe yana fille kawuna, sai ranar da ƙwaya ta juya masa baya, dodo ya haɗiye jarumin nasa.

"A sake jefawa," in ji Langes.

"An jefa, yallaɓai. Ya mutu."

"Ni za ka kashe, kai mai dungu?"

"Ba ni ba ne, sabulu ne."

Ɗaki ya kwashe da dariya, kuma dariyar ce ta jawo masa. Langes ya zura kwaɗon ƙofa a cikin safa ya maka masa a fuska. Haƙoran Nazeem suka zube. Ya bi shi ƙasa yana tattakawa har sai da gandirobobi suka shigo da kulake. Aka ɗaure wa Nazeem muƙamuƙi da waya. Da ya dawo ɗaki ba ya iya magana, sai ya riƙa rubuta abin da ke faruwa a takarda, Oom Cyril na karantawa. Mayaƙin Langes dai bai tashi ba. Dole ya haƙura ya ɗauki maharbi.

Da ya fito, ya kama aikin feɗe kifi a bakin ruwa a Hout Bay, ya auri Soraya. Duk Lahadi, bayan an ci koesister, wani irin fanke mai zaƙi, an sha shayi, mukan taru a garejinsa mu yi wasan Ƙasar Gishiri. Ni jarumina ɓarawo ne, na Denver Plaatjies direban bas kuma boka ne da kullum sihirinsa ke ƙona abokansa. Takardun gidan yari da abin da muka yi a garejin su Nazeem ya haɗa ya yi littafi. A shagon fotokwafi aka buga shi, yana sayarwa a kasuwar 'yan gwanjo.

Wata Lahadi da la'asar muna tsakiyar yaƙi a wasan sai harbi ya tashi a layi. Harsashi ya huda ƙofar kwano ya sami Denver a wuya. Ya kife a kan taswirar wasan, jini na tsartuwa. Na danne wurin da rigata. Nazeem ya sunkuci bututun ƙarfe ya fita. Mai harbin na tsaye bakin kwata yana kokawa da bindigarsa da ta cije. Nazeem ya karya masa hannu, ya karya masa gwiwa, ya ɗaga ƙarfen saitin kan mutumin.

"Nazeem!" Soraya ce daga bakin ƙofa. "In ka tsaya kashe wannan banzan, wa zai kai Denver asibiti? Kai kaɗai ke da mota!"

Ya yar da ƙarfen. Ya tuƙa, ni ina baya riƙe da kan Denver. Kafin mu hau babban titi Denver ya cika.

Mutanen wanda aka karya suka aiko cewa za su ƙona gidan da mutanen ciki. Cikin satin nan Nazeem ya kwashe iyalinsa ya koma garin Worcester wajen dangin Soraya. Yanzu a gonar inabi yake gadi. Littafinsa na biyu ya fito bara, ya aiko mini da kwafi ta hannun wani direba. Soraya ta ce ita ba za ta karanta ba, jini ya yi yawa a ciki.