Wasiƙun da ke Aljihun Baba Yusufu

Ranar Talata da hantsi ina tsakar gida, na ɓoye littafin soyayya a cikin na lissafi, sai na ji ƙarar keken Babanmu. Bai taɓa dawowa daga masaƙa a wannan lokaci ba. Ya jingine keken, ya ce da Inna, "Yusufu ya rasu. Ciwon ƙirjin nan ne." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Yusufu Bafalasɗine ne, maƙwabcinmu, shi ke gyaran injina a masaƙar da Babanmu ke aiki a Sharaɗa. Hausarsa a karkace take, amma ba ya wuce ko yaro bai gaishe shi ba. Ni kunya ba ta barina in wuce "ina kwananku", sai dai kallo. Abin da nake kallo kuwa wasiƙu ne. Kullum da ambulan mai bakin ja da shuɗi a aljihunsa. Ya zauna a dakali ya karanta, ya ninke, ya mayar aljihu. Ni kuwa tuni na gama tsara labarin a raina: wata ce ya baro a ƙasarsu, tana jiransa shekara da shekaru. Har suna na raɗa mata.

Rannan ya kama ni ina leƙe.

"Binta, me kike kallo?"

Bakina ya suɓuce. "Baba, ita ce ta rubuto muku?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce ɗan ƙanwarsa ne, Halilu, ya gama karatun injiniya yana zaune can ƙasarsu ba aikin yi. Na ce to gwamnati fa?

"Wace daga ciki? Wata ta yarda ya ɗauki bulo daga safe zuwa yamma. Wata ta ce ofis ba na irinsa ba ne. Wasu sun ba shi katin karɓar fulawa. Kati kam muna da shi da yawa, 'yata. Aiki muke nema."

Na daɗe ina juya wannan magana, har yau ban gane yadda mai ilimi zai rasa inda za a so shi ba. Ashe duk zaryar da Baba Yusufu yake yi ofis-ofis a ranar hutunsa, izini yake nema Halilu ya zo Kano ya kama aiki tare da shi. Yakan ce, "Mutum ya tashi da safe babu inda ake jiransa, wannan ma ciwo ne."

Ranar addu'ar uku takardar izinin ta iso. Matarsa, Hajiya Salma, ta riƙe ta tana kuka, ta ce wa zai tarbi yaron yanzu? Babanmu ya ce, "Ni, Hajiya. Akwatin kayan aikin kawunsa yana wurina, ba wanda zai taɓa shi."

Allah Ya jiƙan Baba Yusufu, Ya yafe masa, Ya yafe mini zaton da na yi masa. Allah Ya ba Hajiya Salma haƙuri. Halilu kuma Allah Ya kawo shi lafiya, ya wayi gari akwai inda ake jiransa.