Murfin da Ya Kama Yatsun Sadik

Wata Asabar ce da hantsi, a daminar da muka tashi daga Gwagwalada muka koma Gwarinpa, ina aji uku na firamare. Ina tsakar gida ina ɗauraye kofunan koko, Umma tana sauri ta gama shanya kafin hadari ya haɗo, sai muka ji wani abu ya bugu da ƙarfi a banɗaki. Aka ɗan yi tsit, sannan ƙanena Sadik ya ƙwalla ƙarar da har yau ban manta ba.

A tsohon gidanmu masai na tsugunno muka sani. Sabon gidan kuwa, da Abba ya kama don ya fi kusa da ma'aikatarsu, na zama ne, da baƙin murfi mai nauyin tsiya. Ka jingina shi da tanki, kana juya baya sai ya faɗo da kansa. Kakarmu kuma kullum cewa take, "Banɗaki ɗakin aljanu ne, kada wanda ya shiga bai yi addu'a ba." Mu yara mun gama yarda wani ne ke turo shi.

Sadik bai wuce shekara uku ba. Ya dafa bakin masan, murfin ya sauko masa a yatsu. Umma ta fito da shi a kafaɗa, farcen ɗan yatsansa a ɗage, jini yana gangarowa har gwiwar hannu. "Zainab, riƙe min hannun nan sama, kar ki saki!" Ta ruga neman mayafi. Na riƙe, idona a kan ƙofar banɗakin da aka bari a buɗe. Maƙwabcinmu ne ya kai su asibiti, aka cire farcen.

Yatsa ya warke, amma Sadik ya ƙi banɗaki. Sai ya matse fitsari yana kuka a bayan kujera, har zazzaɓi ya kwantar da shi. Ni ma nakan riƙe nawa sai na je makaranta, kuma da yamma ko 'yar gala-gala ba na iya tsallakawa saboda ciwon mara. Daga baya Abba ya kwance murfin ya jefa shi sito, amma mun daɗe ba mai shiga sai wani ya tsaya masa a bakin ƙofa.

Bara, da muke gyaran gidanmu a Jabi, na bi maigidana shagon kayan banɗaki. Mai shagon, wani Bakatsine, ya ɗaga wani farin murfi. "Hajiya, wannan ya fi tsada, amma duba ki gani." Ya sake shi. Ban san lokacin da na runtse ido na ɗage kafaɗu ba. Da na buɗe, murfin bai ma gama sauka ba, yana tafiya a hankali.

"Murfi ai murfi ne," in ji maigidana.

"Wannan za mu ɗauka," na ce. Ya dube ni, ya ciro kuɗi ya biya.

Yanzu 'yata Hanifa takan ja ƙaramar butarta ta shige ita kaɗai, tana rera karatun Islamiyya, ta fito ta ci gaba da wasanta. Nakan so a ce haka muka taso. Ba ta san an taɓa jin tsoron wurin ba, ni kuma ba zan gaya mata ba.