Fakhruddeen da Tocilarsa

Fakhruddeen Isiyaku mutumin Zariya ne, aiki ya kawo shi Suleja, ya kama hayar ciki da falo a layinmu, nan unguwar Magajiya. Sana'arsa gyaran na'urar sanyaya ɗaki a ofisoshin Abuja. Da sassafe yake fita da jakar kayan aikinsa, ya dawo da yamma riƙe da ledar lemo ko ayaba ya miƙa wa matarsa Ikilima. Siriri ne, mai magana ƙasa-ƙasa. In gardamar ƙwallo ta yi zafi a majalisa, shi ne mai ba da haƙuri.

Wata safiya ya makara, sai ya tare wata ƙaramar mota a bakin titi maimakon ya shiga tasha. Ashe ta ɓarayi ce, irin waɗanda ke zama a ciki kamar fasinjoji. Suka danne kansa tsakanin gwiwoyinsa, suka karɓe waya da kayan aiki, suka yi ta zabga masa mari. Kafin su turo shi waje a kusa da Zuba, sai da suka sa ya yi musu godiya, ya maimaita da ƙarfi, su kuma suna dariya. Ya faɗi a gefen kwalta, ƙashin kafaɗarsa ya tsage.

Kafaɗar ta warke, amma mutumin bai dawo daidai ba. Ikilima ta ce yakan zauna shi kaɗai, sai ta ji ya ce, "Har da godiya fa." Wani mahauci abokinsa ya ba shi wuƙa, ya mayar masa. "Ni ba zan iya ɗaukar rai ba," in ji shi. "Kuma in 'yan sanda suka same ta a jakata, me zan ce musu?"

Sai aka kwatanta masa shagon Callistus, mai sayar da kayan lantarki a kasuwa. Callistus ya fara ajiye masa wani ɗan gwangwani.

"Wannan barkono ne, a ido ake fesawa. Amma a cikin mota, Oga, kai ma za ka sha. A waje kuma in iska ta juyo, kai za ka fara kuka."

Ya ɗauko wata baƙar tocila, ya danna wani maɓalli a gefenta. Shuɗin tartsatsin lantarki ya tashi a bakinta da ƙara, har Fakhruddeen ya ja da baya.

"Wannan sai ka taɓa jikin mutum. Ka taɓa, ya sake ka, ka gudu. Ba ta faɗa ba ce, ka ji ko? Ta gudu ce."

Fakhruddeen ya ɗauki tocilar.

A kan akuyar Mairama, maƙwabciyarsa, ya fara gwada ta. Akuyar na cin ɓawon doya a bakin ƙofa, ya laɓaɓa ya dangwara mata a cinya. Ta ƙwalla ƙara, ta faɗi, ta tashi tana tangaɗi. Fakhruddeen ya yi dariya har da riƙe ciki. Tun da aka yi masa fashin ba mu ƙara jin dariyarsa ba sai ranar, shi ya sa wasunmu ma suka taya shi.

Daga akuya sai karnukan bakin masu nama. Daga nan sai kwandastan da ya yi masa gardamar kujera. A gida, in Ikilima ta duƙa tana tankaɗe, sai ya zo ta bayanta ya danna tocilar a saitin kunnenta, ta zabura ta zubar da gari.

"Malam, don Allah ka daina. Gabana faɗuwa yake."

"Ai ban taɓa ki ba," zai ce. "Yanzu kin ɗan ji abin da na ji."

Wata ranar kasuwar Diko ya je sayen doya da hantsi. Yana tsaye a bakin titi yana duba wayarsa, sai ya ji an fizgo rigarsa ta baya. Ko juyowa bai gama yi ba, ya kai tocilar wuyan mai fizgar, ya danna, ya ci gaba da dannawa. Mutumin ya sulale, ƙeyarsa ta bugi bakin kwalbati. Dattijo ne, da furfura, sanye da tsohuwar rigar gona.

Mutane suka taru. Wani ya tambaya, "Me ya yi maka?"

Fakhruddeen ya dubi tsohon, ya dubi jama'a. "Aljihuna ya laluba," in ji shi.

Ba a ƙara tambayar komai ba. Masu sanda suka sa sanda, masu takalmi suka sa ƙafa. Tsohon bai ce uffan ba, hannu kawai yake ɗagawa yana wani gurnani, su kuma suka ɗauka taurin kai ne. Sai da wata mai doya ta kutsa ta faɗa a kansa tana ihu.

"Ku bari! Baba Sila ne, kurma ne, ba ya magana! A idona aka yi. Babbar mota ce take yin baya za ta take wancan mai tocilar, shi ne ya janye shi!"

Jama'a suka watse kamar ba su ba. Sila ya rayu, amma hannunsa na dama ya shanye, ido ɗaya kuma ya tafi. Manomi ne daga wani ƙauye a bayan Diko, kuma daga ranar bai sake riƙe fartanya ba. An kira Fakhruddeen wajen 'yan sanda, ya maimaita maganarsa. Sila ba shi da bakin ƙaryatawa, mai doyar kuma mijinta ya hana ta zuwa shaida. Magana ta mutu.

Da Ikilima ta ji yadda abin ya faru daga bakin masu kasuwa, ta tambayi mijinta, "Da gaske ya taɓa aljihunka?"

"Ke ma kina so ki gwada ne?" in ji shi, hannunsa a kan jakar da tocilar ke ciki.

Washegari ta tafi gidan iyayenta a Tafa. Ba ta dawo ba.

Shi kuwa yana nan a layinmu, har ya yi ƙiba. A majalisa yakan ba da labarin ɓarawon Diko, kuma a bakinsa ɓarawon ya zama ƙato mai wuƙa a ƙugu. Sababbin 'yan haya masu aiki a Abuja wurinsa suke zuwa neman shawarar abin da za su riƙe a jaka, ya zaunar da su ya yi musu bayani dalla-dalla.

Ranar kasuwa 'yar Sila takan kawo uban ta zaunar da shi a inuwa kusa da masu doya, saboda babu mai kula da shi a gida. In hanya ta bi da Fakhruddeen ta wurin zuwa Zariya, yakan ce wa direba ya ɗaga gilashi, wai warin kasuwar na damunsa.