Jakar Fatsar Kawu

Jiya, shekara guda da rasuwar Kawu, na jawo jakar fatsarsa daga ƙarƙashin gadonsa a unguwar Tremont, a nan ƙasar Turawa. Ina buɗewa ƙamshin turarensa ya buge ni, har sai da na waiwaya.

Mutumin Yawuri ne, tasi yake ja. Duk lokacin sanyi yakan zauna bakin taga yana ɗaura gashin zabo a jikin ƙugiya don ta yi kama da ɗan kifi, ya tsinke zaren da haƙori. Burinsa wani tsibiri mai nisa, inda ruwan teku ke da ɗumi. Kowace shekara sai ya shirya jaka, amma bai taɓa tafiya ba.

A zuwana na ƙarshe ya ce, "Ɗana, bana kam za ka raka ni."

Na ce, "Kawu, aiki ya yi min yawa. Sai baɗi."

A ƙasan jakar na tarar da takalman shiga ruwa na mutum biyu. Na gwada manyan, suka yi min cif.

Jibi jirgina zai tashi zuwa tsibirin, kuma ban cire nasa takalman ba. Allah ya jiƙanka Kawu, ya shayar da kai ruwan Alkausara.