Kawu Lem Bai Taɓa Hawa Amalanke Ba

Mai girma Edita, ina neman afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto wa jaridarka. Ni 'yar makaranta ce, ajin ƙarshe na sakandare, kuma a garin nan akwai manya da suka fi ni sanin marigayin. Ba don wani alkawari ba, da ban ɗauki alƙalami ba.

Ranar Talata, 11 ga Maris, 1924, da hantsi, Allah ya yi wa maƙwabcinmu Lemuel Stroud rasuwa yana da shekara tamanin da ɗaya. Kowa Kawu Lem yake ce masa.

Kawu, kai ne na ƙarshe a cikin waɗanda suka yi jigilar kaya daga Nebraska City zuwa Denver kafin jirgin ƙasa ya kashe sana'ar. Bijimai goma sha biyu a gaban amalanke ɗaya, gari da sukari da naman gishiri a ciki, mako biyar ko shida a hanya, ana girka wake da busasshen kashin ɓauna. Duk wannan daga bakinka na rubuta, lokacin da malamarmu ta ba mu aikin tarihi. Da ta karɓi littafina ta tambaye ni dalilin da ya sa rabin kowane shafi layi ne kawai babu kalma. Na kasa gaya mata cewa nan ne wuraren da kake magana da shanu, da kalmomin da ba sa rubutuwa.

Ka ce shanu ba sa motsi da lallashi, kuma garin nan ya shaida. Bara motar Fasto Ingalsbe ta kafe a laka a tsohuwar mashigar rafi, ka zo da bijimanka biyu da suka rage. Ka roƙi fasto ya toshe kunnuwansa. Ya toshe, motar ta fito, kuma ranar Lahadi bai yi wa'azi a kan tsare harshe ba. Ni ma ka taimake ni. Ranar da dusar ƙanƙara ta rufe hanya, kai ka raka ni makaranta, kana hagu da ni kamar yadda mai kora yake tafiya hagu da shanunsa. Matarka Gwaggo Tabitha ta ce shekara hamsin da biyu haka kake yi mata, har ranar aurenku, kuma ta gode Allah da ba ka zo da bulala ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kwamitin tarihi zai kafa dutse a mashigar rafin, inda har yau ana ganin sawun amalankai a ƙasa, kuma sunanka za a sa a kai. A watan jiya shugabar kwamitin, Uwargida Pruett, ta kawo maka zanen. Ina nan a ɗakin. Wani kyakkyawan mutum ne zaune can sama a kan amalanke, ya riƙe linzami, yana kallon faɗuwar rana.

Ka daɗe kana dubawa, sannan ka ce mata, "Yarinya, wane ne wannan malalacin?"

Uwargida Pruett jikokinta huɗu. Ta ce, "Kai ne mana, Kawu."

"Ni? Wa ya taɓa sa wa sa linzami? Sau goma sha ɗaya na je Denver na dawo, da ƙafata. Wanda ya hau amalanke, ko dai ya karye ko ya mutu."

Ta ce mutum a zaune ya fi kwarjini a jikin dutse. Amsar da ka ba ta, a littafina layi uku ne. Ka yi niyyar zuwa taronsu na ranar Alhamis, jiki ya ƙi. Ranar Litinin kafin taron ka kira ni ka ce, "Alma, ke ce mai boko. Ki je ki sauko da ni." Na ce to.

Na je, Kawu. Na miƙe a gaban mutum goma sha huɗu, duk suka juyo, sai na ji bakina ya ce ko zan iya buɗe taga. Na buɗe, na zauna. Sun gode mini. Ranar Litinin mai zuwa mai sassaƙa zai fara aiki, shi ya sa nake faɗa a nan abin da ya gagare ni a can: a sauko da shi. A tsayar da shi a ƙasa, hagu da shanu, da bulala a hannu da ƙura a takalmi.

Ranar jana'iza kowa ya shiga mota, ban da Gwaggo Tabitha. Mil biyu ta taka zuwa maƙabarta, hagu da akwatinka, ta ce yau dai ita ce mai kora. Na bi ta a baya.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya gafarta maka, har da abin da ka faɗa wa shanu. Ya ba Gwaggo Tabitha da 'ya'yanku Orrin da Hester haƙurin wannan rashi.

Mai girma Edita, idan Litinin ta wuce Kawu yana nan zaune, ina roƙon ka ba ni izini in sake rubutowa. Littafina yana hannuna, kuma na tuna abin da ke ƙarƙashin kowane layi.

Alma Vondra