Hoton Sha-Guga da Kifinsa

Tun yana gida ake ce masa Sha-Guga, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba. Tela ne, irin telan da ko gawayi zai fita sayowa sai ya goge wando ya fesa turare. Shagonsa ɗan tsukuku ne, keke ɗaya da benci da madubi mai tsaga, amma in ka ji yana yabon kansa sai ka rantse shi ke yi wa manyan duniya sutura. Alkawari kuwa, Allah ya kyauta! In ya ce ka dawo jibi, to ka je ka yi harkokinka har ka manta launin yadinka.

Da ɗinki ya ja baya, kayan kanti suka cika kasuwa, sai ya tattara ya bi abokinsa Dogo zuwa ƙasar waje. Ranar tafiya ya tsaya a tsakar gida ya shaida wa matarsa cewa can ido rufe ake neman irinsa. Ita dai ta ci gaba da ninke masa kaya.

Can ɗin ba wanda ya tambaye shi ko ya iya zura zare a allura. Dogo ya kai shi wurin wani ɗan kwangila mai gina bene, aka miƙa masa hular kwano da takalmin roba da baro. Ya kwaɓa siminti, ya tura yashi, ya ɗauki bulo ya hau tsani. Ranar farko ruku'u ya gagare shi, a zaune ya yi magariba, yana idarwa ya shiga tsine wa wanda ya ƙirƙiro bene.

Da sannu ya saba, har ya iya. Abu ɗaya ne ya ɗaure wa ransa: matarsa ba za ta sani ba. Ba wahalar ce ke damunsa ba. Tsoro yake ji kada matar da ta auri ɗan gayun unguwa ta dube shi da idon tausayi, don wannan kam gara masa bulo ya faɗo masa a ka. Saboda haka duk ranar da za su yi waya mai hoto sai ya yi wanka, ya goge riga a kan katifa, ya rataya tef ɗin awo a wuya, ya zauna jikin bangon da ya fi tsabta a ɗakin da suke kwana su da yawa. Ya cire safar Dogo daga ƙusar bangon, ya roƙi kowa ya yi shiru.

“Uwar yara, yau wani babban mutum na auna,” in ji shi. “Tumbi kamar randa, tef ɗina da ƙyar ya zagaya.”

Dogo yana gefe yana cizon matashin kai don kada dariya ta tona asiri.

Sai ta fara ƙorafi. “Baban yara, kai kullum bango ɗaya? Mazan mutane suna turo hotuna, ga su a bakin ruwa, ga su a lambu. Ko garin naku bango ne kawai?”

Ana haka aka gama zuba rufin bene, ɗan kwangila ya ji daɗi, ya ce ranar hutu zai ɗauki hayar jirgin ruwa ya kai ma'aikatansa kamun kifi a teku. Sha-Guga ya ce Alhamdulillahi, ga hoto ya zo har gida. Kowa ya fito da tsohuwar riga, shi kuwa ya tsuke cikin fararen kaya masu karin guga, da baƙin tabarau na aro. Dogo ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Malam, kifi za mu kamo, ba amarya ba.”

Jirgi na barin gaɓa, ciki ya ce bai san zancen ba. Duk abin da Sha-Guga ya karya kumallo da shi ya mayar wa teku, yana rungume da ƙarfe yana salati, yana yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata masa rai. Da ya ɗan farfaɗo aka ba shi sandar fatsa. Ya ga tsutsar da za a soka a ƙugiya ya ce shi fa ba da shi ba, sai Dogo ne ya soka masa yana zaginsa ƙasa-ƙasa.

Kuma ikon Allah, duk gwanayen da ke jirgin suna zaune zugum, ƙugiyar wannan ragon kifi ya zaɓa. Sanda ta lanƙwashe, Sha-Guga ya ƙwala ihu, “Wayyo, ku riƙe ni, zai tafi da ni!” Aka taru aka jawo. Kifin dai madaidaici ne, bai kai ihun ba.

Ɗan kwangila, wanda ya daɗe a harkar, ya koya masa dabarar masu fatsa: kada ya rungume kifin a ƙirji, ya miƙa shi gaba da hannu biyu har kusa da wayar, sai ya fito ƙato. Haka aka yi. A hoto kifi ya zama dodo, Sha-Guga yana bayansa yana washe baki, ɗan kwangila na tsaye a gefensa.

Daga nan ɗan kwangila ya karɓi kifin, ya zare ƙugiya a hankali, ya jefa shi ruwa. Wai ba lokacin cin irinsa ba ne, doka ta hana. Sha-Guga ya ɗora hannu a ka. “Dogo, mutanen nan lafiyarsu kuwa? Mu sha wannan azaba, mu gaisa da kifi kawai mu rabu?”

Amma hoto ya samu. Suna sauka a gaɓa ya tura mata, ya rubuta a ƙasa: “Ni da manajan shagonmu muna shan iska.” Bai gama karkaɗe wandonsa ba waya ta yi ƙara.

“Kin ga kifi ko?” ya ce, yana ƙyafta wa Dogo ido.

“Na ga kifi.” Muryarta a sanyaye take. “Baban yara, na buɗa hoton na duba da kyau. Da waɗannan hannayen kake riƙe allura?”

Ya dubi hannayensa. Duk kanta, fatar ta tsattsage ta yi furu-furu, farce ɗaya ya yi baƙi inda bulo ya danne shi. Shi da kansa ya kai su gaban waya. Ya buɗe baki zai ce almakashin can ne da kaifi, sai ya ji tana jan hanci, ya fasa ƙaryar. Kunya ta rufe shi.

“Ka nemi mai ka riƙa shafawa,” ta ce. “Gobe kuma in ka je aiki, a ɗauke ka hoto da kayan aikin a jikinka ka turo min. Yaran nan kullum suna cika ciki su tashi, ina so su ga daga inda abincin yake fitowa.”