Baƙon Kifi da Masu Masaukinsa

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in ɗauki alƙalami. Sau uku ina farawa ina yage takardar, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron ɗora wa wata halitta laifin da ban gani da idona ba. Amma shekaru sun ja, gara in faɗa.

Zamanin Turawa ni ne kuku a gidan wani Baturen gona a Tamale. Matarsa tana da akwatin gilashi cike da ruwa a falo, da jajayen kifi biyu da ta zo da su daga Kumasi. Ba a cin su, kallo kawai ake yi. Da za su tafi hutu ƙasarsu, ta miƙa min gwangwanin abincinsu, ta ce da Hausarta ta koyo, "Kuku, kifi biyu, amana."

Sati biyu da tafiyarsu ɗaya ya mutu, ban san dalili ba. Wanda ya rage ya laɓe a kusurwa, ko abinci ba ya tasowa ci. Mu a zango, unguwarmu ta Hausawa, baƙo ba ya zama shi kaɗai, sai an haɗa shi da mai masauki. Sai na ga kifin nan ma baƙo ne, ba shi da kowa a garin. Da na gaya wa matata, ta ce, "Maigida, kifi ne fa, ba falke ba ne ya sauka da jakuna."

Duk da haka na tafi dam ɗin da ke bayan unguwar Kaladan, wajen wani tsoho masunci.

"Baba, wane kifi ne mai haƙuri?"

"Mai haƙuri? Wanda ke cikin miya," in ji shi.

Na yi masa bayani. Ya ce tarwaɗa za ta haɗiye baƙon nawa har da jar rigarsa, karfasa kuwa masifaffiya ce, za ta tsige masa wutsiya. Sai na zaɓi waɗansu 'yan fararen kifi guda uku cikin kamunsa, kowanne bai kai gaɓar yatsa ba. Don ƙanƙantarsu na zaɓe su, kada su cuci baƙo. A ƙwarya na kawo su, ina tafe ina tare musu rana da hulata.

Jan kifi ya fito daga kusurwa, ya shiga bin su. Na ce alhamdulillahi, an saba.

Bayan kwana uku na ƙirga ƙananan, biyu na gani. Na duba ƙasa, na ja kabad, na ɗaga duwatsun cikin akwatin, babu gawa. Na zargi kyanwa, alhali akwatin a rufe yake. Bayan sati saura ɗaya. Na ɗauko ƙwarya in mai da shi dam, sai na tuna baƙo zai koma kaɗaici, na ajiye. Na sake ɗauka, na sake ajiyewa. Kwana biyu ina wannan, a na uku babu abin da zan ɗauka.

Da uwargida ta dawo na gaya mata mutuwar na farko, ban ambaci ukun ba. Ta leƙa ta ga kifinta ya yi ƙiba, ta tafa hannu ta ce, "Kuku, ka iya kifi!" Yabon nan ya fi faɗa damuna.

Na sha leƙa bakin kifin nan, ban ga haƙori ko ɗaya ba. Shi ya sa nake roƙon duk mai karatu da ya taɓa kiwon irinsa ya aiko min da amsa ta hannun masu buga wannan takarda. Jan kifi yana cin ƙanana? Da wane kifi ya kamata in haɗa shi? Ko ma dai ba kaɗaici ne ya sa shi laɓewa ba, na raba 'yan ukun nan da ruwansu a banza?